Birkin tirela na mutuwa a tsakiyar tsere: FIA European Truck Racing Championship

Ɗan Gingimari:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san FIA European Truck Racing Championship ce, gem ɗin nan na tseren kawunan tirela da Bigben ya fitar a 2019. A PS4 nake bugawa, da hannun gem ba da sitiyari ba, giya kuma na bar wa gem ɗin yana canzawa da kansa. Abu uku ne suka tsaya mini. Na farko, a filin tseren Zolder na ƙasar Beljiyam zagaye huɗu na farko lafiya lau, amma daga na biyar ruwan sanyaya birki ya kusa ƙarewa, in danne L2, maɓallin birki, har ƙasa motar ta ƙi tsayawa, sai cikin tsakuwa. Na biyu, wajen fita daga kwana da na ba ta wuta sai gindinta ya kwashe. Na uku, kowace mota gudunta ba ya wuce kilomita 160 a awa a miƙe, to a ina ake wuce mutum? Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani dalla-dalla.

Baban Hanifa:

Wa alaikumus salam Malam. Tambayoyinka uku tushensu ɗaya ne, amma bari in tsaya kan birkin, don shi ne uwa uba a wannan gem.

Motar da kake tuƙawa a gasar gaske dokar ta ce kada nauyinta ya gaza tan 5.3. Idan ka sauko da ita daga kilomita 160 a awa zuwa 60, ƙarfin gudun nan ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa a faifan birki. In ka yi lissafi, kusan megajul 4.5 ne a taku ɗaya, wato zafin da zai tafasa ruwan sanyi fiye da lita ɗaya da rabi har ya ƙone ƙaf. Zolder kilomita 4 ne kawai, kuma akwai wuraren taka birki mai nauyi har biyar a ciki: kwanar farko ta hagu, tagwayen kwana na Kleine Chicane bayan doguwar miƙe ta baya, tagwayen kwana na Villeneuve, kwanar ƙugiya ta Bolderberg, sai tagwayen kwana na Jacky Ickx dab da layin gamawa. Tsakaninsu babu tazarar da iska za ta sanyaya faifan yadda ya kamata. Shi ya sa matsalarka ta fi fitowa a can.

Ga abin da yawancin mutane ba sa lura da shi. Zafin ba daidai yake rabuwa ba. Daga 160 zuwa 110 ana zubar da kusan kashi 60 cikin 100 na zafin, daga 110 zuwa 60 kuma sauran kashi 40. Gudun sama shi ne mai tsada. Saboda haka idan ka ɗaga yatsa daga R2, maɓallin totur, da wuri kaɗan, motar ta gangara da kanta zuwa 150 kafin ka taɓa L2, ka rage wa birkinka kusan kashi 14 cikin 100 na aikin wannan kwanar, lokacin da ka rasa kuwa ƙanƙani ne ƙwarai. Yi haka a wurare biyu ko uku a kowane zagaye, za ka ga ruwa ya kai ka ƙarshe.

Shi kuma ruwan, ka ɗauke shi kamar cefanen wata. Kafin a tashi ka duba zagaye nawa ne. Idan 12 ne, rabonka kashi 8 cikin 100 na tankin a kowane zagaye. A ƙarshen zagaye na uku ya kamata a ce kashi uku cikin huɗu na nan, a na shida rabi. Idan ka ga ka wuce haka, tun a lokacin za ka fara tsimi, ba sai ya ƙare ba.

Yadda ake fesawa: kada ka danne maɓallin ruwa ka riƙe. Ɗan taɓi na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ka saki, ka kalli ma'aunin zafin birki da ke kan allo, in bai sauko ba ka ƙara. Kada ka fesa a zagayen farko tun birki bai ɗau zafi ba, asara ce tsantsa. Kada kuma ka nemi mayar da shi sanyi ƙalau. Abin da kake so shi ne kada ya shiga ja, kuma ya iso babbar kwana ta gaba yana tsaka-tsaki. Kwanonin da ɗan taɓa birki kawai suke buƙata, kamar na ɓangaren da ke bin kwanar farko a Zolder, ba su cancanci ko ɗigo ba.

Sannan yadda kake danna L2 ɗin ma yana da nasa. Taka da ƙarfi tun farko motar na miƙe, sannan ka riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan yayin da gudun ke raguwa. Masu koyo akasin haka suke yi: su fara a hankali, su ga kwana ta iso, su danne har ƙasa suna murza sitiyari a lokaci guda. Tayoyin gaba ba za su iya tsayar da tan biyar su kuma juya ta a lokaci ɗaya ba, sai motar ta miƙe gaba. A gudun 160 kana cin mita 44 a kowace daƙiƙa. Jinkirin rabin daƙiƙa mita 22 ne, tsawon kan tirela uku da wani abu. Ka nemi alamar da ba ta motsi a gefen hanya, allon nisa ko gada ko farkon dakali, ka riƙa taka birki a nan kowane zagaye. Idan birkin ya fara zafi, ka matso da alamar baya da mita goma.

Bakanike:

Malam Baban Hanifa ya yi bayani mai kyau, lissafinsa daidai ne. Wuri ɗaya nake da ƙari: lokacin fesa ruwan. Ni ina ganin ya fi a fara fesawa a ƙarshen takun birki a ci gaba zuwa cikin kwana, lokacin da faifan ya kai ƙololuwar zafi. Ruwa na kwashe zafi sosai ne idan ya koma tururi nan take. In ka jira har tsakiyar miƙe, iska ta riga ta yi rabin aikin kyauta, kai kuma ka biya da ruwa. Abin da kawai zai sa a fesa a miƙe shi ne idan ma'aunin har yanzu yana sama ga kuma babbar kwana ta taho.

Wanda ya san manyan motoci ba zai yi mamakin wannan ba. Abin da ke kashe birkin tirela a gangaren Hawan Kibo kan hanyar Jos ke nan: direba ya kwantar da ƙafa a kan birki tun daga sama, ganga ta yi zafi ta buɗe, takalmin birki ya yi santsi, a taka a ji babu komai. Tsofaffin direbobi da giya suke sauka, birki na taimakawa ne kawai. Motocin tsere faifai gare su ba ganga ba, kuma suna ɗauke da ruwa wajen lita 200 da bututu masu fesa shi a kan faifan, wanda shi ne farin tururin da ake gani yana tashi daga tayoyin gaba a bidiyon gasar. Amma dokar ɗaya ce: gajeren taku mai ƙarfi ya fi dogon jan ƙafa.

To batun giya, Malam Ɗan Gingimari, a nan matsalarka ta biyu take. Injin waɗannan motoci dizal ne mai girman lita 13 ko ƙasa kaɗan, ƙarfinsa ya haura doki 1,000, kuma ƙarfin murza taya ya kai wajen 5,000 a ma'aunin Nm. Duka wannan tayoyin baya ne ke ɗauka, alhali kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a gaba yake, babu bodi a baya da zai danne su. Gindi ne mara nauyi da ƙarfi mai yawa. Ga kuma turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska: in ka ba da wuta ba nan take ƙarfin ke zuwa ba, sai ya ɗan yi jinkiri sannan ya zo gaba ɗaya. Mai koyo ya danna R2 rabi, ya ji shiru, ya ƙarasa dannawa, sai turbo ya cika daidai lokacin da sitiyari ke karkace. Nan gindi ke kwashewa.

Maganin farko, koma giyar hannu. Giyar otomatik tana yawan sauka ƙasa fiye da buƙata a ƙananan kwanoni, wani lokacin kuma ta canza a tsakiyar kwana, motar ta girgiza. Dizal ba ya son a kai shi ƙarshen ihu, ƙarfinsa a tsakiya yake. Kwanar da kake jin kamar giya ƙarama take so, gwada ta da wadda ke samanta. Za ka ji kamar motar ta yi nauyi, amma duba agogo, sau da yawa lokacin ya fi kyau kuma taya ba ta murzawa a banza.

Na biyu, fara ba da wuta da wuri amma kaɗan. Da zarar ka saki birki, ɗora yatsa a R2 kamar kashi ɗaya cikin huɗu tun kafin ka kai ƙuryar kwana, don turbo ya fara tara iska. Daga nan yadda kake warware sitiyari haka kake ƙara wuta. Sitiyari bai miƙe ba, R2 bai kai ƙasa ba. In gindin ya fara tafiya, kada ka saki totur gaba ɗaya farat ɗaya, domin nauyi zai koma gaba, gindin ya ƙara sauƙi ya dawo ɗaya gefen da ƙarfi. Rage rabi, ka ɗan juya wajen da yake zamewa.

Wajen rage giya kuma a bi a hankali. Rage giya na taimaka wa birki, amma in ka sauke biyu a jere motar na gudu, tayoyin baya za su cije ta juya da kai tun kafin kwanar. Birki tukuna, gudu ya sauka, sannan giya ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Gingimari:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Da giyar hannu gindin ya natsu sosai. Sai dai R2 ɗin ba ya ba ni kashi ɗaya cikin huɗun da ake faɗa, daga babu sai rabi. Kuma wajen danna ruwa yatsana na barin sandar sitiyari.

Yar Zazzau:

Ƙanena, wannan ba laifin tuƙinka ba ne, ka duba hannun da kansa. A ƙarƙashin L2 da R2 na DualShock 4, wato hannun PS4, akwai ɗan sifirin na ƙarfe da wata roba mai taɓa allon lantarki. Hannun da ya sha ƙwallo, musamman irin na gidan gem, robar nan takan tsage ko ta lotse, sai maɓallin ya daina karanta ƙaramin danni. Gwaji mai sauƙi: tsayar da mota a filin atisaye, ka danna R2 a hankali kamar kana matsa ɗigon magani, ka saurari injin. In ƙarar na hawa sannu a hankali, hannun lafiya yake. In ta yi shiru sannan ta yi tsalle, robar ce. Masu gyaran hannu suna canza robar da sifirin, sukurori huɗu ne a bayan hannun, sai dai a buɗe a hankali saboda siririyar wayar da ta haɗa murfin baya da allon ciki.

In hannun lafiya yake, shiga saitin sarrafawa. Wurin da maɓalli ba ya jin danni a farkonsa, ka rage shi a totur da birki gwargwadon iko. A sandar sitiyari kuwa ka bar kaɗan, daidai yadda motar ba za ta riƙa jan gefe da kanta ba. Rage kaifin sitiyarin ma. Motar nan doguwa ce, nauyinta a sama yake, in ka fizgi sanda daga gefe zuwa gefe a tagwayen kwana sai ta yi lilo, lilon na biyu ya fi na farko. Wata dabara: tura sandar gaba ka riƙe, sannan ka riƙa zagaya ta a bakin da'irar zuwa hagu ko dama. Ta haka kana samun ƙananan juyi da babban yatsa ba ya iya yi in sandar na tsakiya.

Ruwa kuma ka ɗora shi a maɓallin da hannun dama zai kai, tunda babban yatsan hagu na kan sitiyari, manunin hagu na kan birki. In giya na kan maɓallan fuska biyu, ruwa ya zauna a na uku ko a R1.

Talabijin ɗinka ma ka sa shi a yanayin gem. Wasu talabijin suna ƙara jinkiri wajen gyara hoto, kuma an riga an faɗa maka abin da kaso kaɗan na daƙiƙa ke ci a 160. Masu bugawa a na'urar Nintendo Switch su sani cewa ZL da ZR ba su da tsaka-tsaki, ko a danne ko a sake, don haka su sai dai ɗan taɓi-taɓi da babbar giya. Wanda kuma ya samu sitiyari irin Logitech G29, kada ya bar shi a digiri 900 ɗinsa gaba ɗaya in hannunsa na sarƙewa a Kleine Chicane, ya rage zuwa wajen 540 ya gwada.

Mai Tuta:

Tambaya ta uku ba a taɓa ta ba, ita ce kuma ta fi daɗi.

Iyakar 160 dokar gasar ce ta gaske, an sa ta saboda nauyin motocin, kuma wanda ya wuce ta hukunci yake sha. Tunda kowa a nan zai tsaya, abin da ake tsere a kai shi ne wa zai riga kaiwa 160. A ce ka fita daga kwanar Jacky Ickx da 70, na gabanka da 65. Bambancin kilomita 5 a awa kusan mita ɗaya da rabi ne a daƙiƙa. In kun ɗauki daƙiƙa takwas kuna hawa, ka ci masa mita 11, kusan tsawon mota biyu. Da kun kai 160 ku biyu tazarar ta daskare, babu mai ƙara komai. Don haka wucewar da za ka yi a kwanar farko, tun a kwanar ƙarshe ta zagayen baya ake haɗa ta. Ka shiga a hankali, ka jinkirta juyawa, ka taɓa ƙuryar kwana a makare don motar ta miƙe da wuri. Kada ka manne wa bayan na gabanka a tsakiyar kwana, zai tilasta maka bin gudunsa. Bar masa tsawon mota ɗaya wajen shiga, ka cinye shi wajen fita. Bin iskar bayansa na taimakawa wajen hawa kawai, ba ya ƙara maka ko ɗaya a kan 160.

Idan kun jera a miƙe, ka tabbata kai ne a ɓangaren cikin kwana mai zuwa. Motocin nan faɗinsu mita biyu da rabi ne, wanda ya riƙe ciki ya toshe hanya, ba ya buƙatar ya jinkirta birki. A nan tsimin ruwa ke biya: a zagaye uku na ƙarshe, mai birki lafiyayye shi ke da ikon kai hari.

Sandunan da aka kafa a cikin kwanoni ka kiyaye su. Tirela na iya hawa dakali ta yanke kwana ba ta ji komai ba, shi ya sa aka sa su. In ka yi ta bugunsu hukunci zai biyo baya. Daga kujerar direba gefen da ke nesa da kai ba ya ganuwa sosai, kuma tayar baya ta ciki tana yanke hanya fiye da ta gaba. Ka bar rabin mita tsakaninka da sandar.

Ka kuma san tsarin maki. Tsere huɗu ne a kowane ƙarshen mako, biyu Asabar biyu Lahadi. Na farko da na uku daga zagayen neman gurbi ake jera su, kuma makinsu 20, 15, 12, 10, 8, 6, 4, 3, 2, 1. Na biyu da na huɗu ana juya takwas na farko, wanda ya zo na takwas shi ke tashi a gaba, amma makin daga 10 ne zuwa 1. Wasu suna jan ƙafa da gangan don su zo na takwas. Lissafin bai fita ba: na takwas maki 3 ne, ko ya ci tsere na biyu 13 ke nan, alhali wanda ya zo na huɗu yana da 10 a hannu, zai tashi na biyar, ko a nan ya ƙare ya tara 16. Inda ya kamata ka zage damtse shi ne in kana na tara, domin matsayi ɗayan nan shi ne bambancin tashi a sahun gaba da tashi a tsakiyar turmutsutsu. Irin su Jochen Hahn, da ya ci gasar sau shida daga 2011 zuwa 2019, da Norbert Kiss ɗan Hangari, in ka kalli tserensu na biyu za ka ga yadda suke fitowa daga na takwas ba tare da sun fasa mota ba. A can ake koyon wucewa.

Baban Hanifa:

Na yarda da gyaran Malam Bakanike kan lokacin fesawa, da sharaɗi ɗaya: mai hannu da yatsunsa ba su saba ba ya fara da fesawa bayan ya gama juyawa, har sai ya daina rikicewa. Ruwan da aka ɓata kaɗan ya fi sitiyarin da aka saki a tsakiyar kwana.

Ga yadda zan raba kashi 8 ɗin nan a Zolder. Kleine Chicane da Villeneuve suna kusa da juna, tudu ɗaya ne tsakaninsu, sannan Bolderberg na biye ba da nisa ba, don haka a wannan ɓangaren zafi ke taruwa. Kashi 3 bayan Kleine Chicane, kashi 2 bayan Villeneuve, kashi 2 bayan Bolderberg don ka isa Jacky Ickx da birki mai kamawa. Sauran kashi 1 ka ajiye. Bayan Jacky Ickx miƙen layin tashi zai sanyaya maka, bayan kwanar farko kuma akwai dogon ɓangare mara birki mai nauyi har zuwa miƙen baya. A nan ne kuma ya fi dacewa ka ɗaga ƙafa da wuri, kafin Kleine Chicane, tunda daga cikakken gudu kake zuwa.

Kafin ka koma gasa, ka yi zagaye goma a jere a filin atisaye ba tare da ka sake farawa ba, kana rubuta ruwan da ya rage a kowane zagaye. Zagaye ɗaya mai sauri ba ya nuna komai game da birki. In ka taɓa saitin mota, abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka yi zagaye uku, sannan ka yanke hukunci.

Da ka gama da Zolder ka wuce filin Hungaroring na ƙasar Hangari. Kwanarta ta farko da ta biyu duka a gangare ake taka birki, nauyi na ƙara zubowa gaba, gindi na ƙara sauƙi, don haka alamar birkinka ta dawo baya fiye da yadda ido ke nuna maka. Filin Laguna Seca na Amurka da ke ɓangaren World Series na gem ɗin ka bar shi zuwa ƙarshe. A kwanarsa ta Corkscrew hanya na faɗawa ƙasa mita 18 a ɗan taƙi, kuma ba ka ganin inda za ka sauka daga sama. Gama birki gaba ɗaya kafin ƙolin tudun, ka juya hagu, ka bar motar ta gangara dama da babbar giya, kada ka taɓa R2 sai ka ji tayoyin baya sun zauna.